Ranar da Baffa Ya Hana Yayarsa Dubiya

Tabarmin da muka aro daga masallacin unguwa ba su isa ba, sai da aka ƙara da buhunan masara aka shimfiɗa a gindin darbejiya. Baffa, ƙanin mahaifina, ya rasu ranar wata Laraba da hantsi a gidansa da ke Birnin Gwari, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Ba shi da sarauta, ba shi da dukiya. Noma yake yi, yana ɗan sayar da hatsi ranar kasuwa. Amma na zauna a wurin makokinsa ina kallon mutanen da ban taɓa gani ba suna sauka daga babura, ƙafafunsu duk jar laka, suna tambayar ina 'ya'yan mamacin.

Wani dattijon Bafulatani daga rugagen wajen dajin Kamuku ya jingine sandarsa, ya tsuguna a gabana ya yi addu'a, sannan ya ce, "Shekarar da maciji ya sari ɗana, mutumin nan ya yi ta zuwa har ruga. Ban san shi ba kafin nan. A kasuwa ya ji labari." Wata mata Kirista daga Kutemeshi ta shiga cikin gida ta rungume matar Baffa, wadda muke kira Inna, ta ce, "Da maigidana ya kwanta, dangi sun gaji, shi bai gaji ba." Kusan kowa da irin wannan maganar ya zo: ina kwance ya zo ya duba ni.

Bayan an shafa fatiha, wani maƙwabci ya sassauta murya ya tambaye ni, "To Gwaggonku fa? Ta shiga gidan kuwa kafin ya cika?" Na kusa da mu suka kasa kunne suna jiran amsa. Duk unguwar ta san da maganar. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana zagaya marasa lafiya ya taɓa mayar da yayarsa daga tsakar gida ranar da ta zo duba shi, ita kuma ta rantse ba za ta sake taka gidansa ba. Na ba maƙwabcin amsa a taƙaice. Cikakkiyar amsar ta fi ƙarfin wurin makoki, shi ya sa nake rubuta ta a nan, don jikokinsa su san wane irin mutum ne ya yi haka, da abin da ya sa ya yi.

Dubiya ita ce sana'arsa ta biyu, in ma ba ta farko ba. Muna yara yana da wani baƙin keke mai kwando a baya. A wancan zamanin mutum yana iya bin gefen daji shi kaɗai daga wannan ƙauye zuwa wancan, ba abin da yake tsoro sai taya ta yi faci. Yakan jefa lemo ko ƙwan zabi ko 'yar kwalbar zuma a kwandon, ya ɗaure ƙafar wandonsa da roba, ya tafi. Yana da ƙa'idojinsa. Ba ya daɗewa. Ba ya tambayar mara lafiya abin da likita ya ce. Ba ya ba da labarin wani da irin wannan ciwon ya kashe, in kuma abokin tafiyarsa ya fara, sai ya taka masa ƙafa. Yakan riƙe hannun mara lafiya tun daga sallama har ya tashi tafiya. Ya sha gaya mana cewa wanda ke kwance ba surutu yake bukata ba, so yake ya san ba a manta da shi ba.

Su shida ne a ɗakin mahaifiyarsu. Gwaggo ce ta fari, shi ne auta, mahaifina yana tsakiya. Uwarsu ta rasu Baffa yana rarrafe, Gwaggo ce ta goya shi, ta yaye shi da kunu. Har gemunsa ya yi fari fat ba ta daina kiransa Auta ba, ko a gaban surukansa. In ta zo daga Randagi, inda ta yi aure ta tsufa, shi ke karɓar ƙullin kayanta, ya ba ta kujerarsa ya zauna a ƙasa. Abu na farko da take yi shi ne ta juya wuyan rigarsa ta duba.

"Auta, rigar nan ta ga wanki kuwa, ko labarinsa kawai ta ji?"

"Yaya, ki bar ni in girma mana."

"Ka girma a gidan wa?"

Kafin shekarar korona sauran huɗun duk sun rasu, har da mahaifina. Su biyu suka rage. Gwaggo kuwa tana da asma, da damina numfashinta har fito yake yi, ga ciwon sukari a kai.

Ni aikina a gidan rediyo ne a Kaduna, fassara labarai da karanta su. Baffa ba ya barin labarai su wuce shi, kuma da na gama yakan kira ni a waya ya yi mini gyara. "Malam mai labarai, yau ka yi sauri kamar an biyo ka." Da annobar ta shigo, muka koma faɗin sunanta safe da yamma, sai kiransa ya zama na gardama.

"Wannan korona da kuka ishe mu da ita, ai cutar masu hawa jirgi ce. Mu nan da ko motar kirki ba ta zuwa, ta ina za ta biyo?"

Na ce, "Ta cikin mutum, Baffa. Ba ta da ƙafa. Mutum ne abin hawanta."

Bai yarda ba, amma bai ajiye waya ba. Haka yake: in bai gane abu ba, ba ya ƙyale shi. Kullum da tambayar da zai zo da ita, ni kuma in gaya masa iyakar abin da likitocin da muke hira da su suka bayyana mana. Na ce masa ƙwayar cuta ce ƙanƙanuwa wadda ido ba ya gani, tana zama a hanci da maƙogwaro, wani lokaci ta gangara huhu. In mai ɗauke da ita ya yi tari ko atishawa, ko ma magana kawai, tana fita cikin ɗan feshin da ke biyo numfashi, na kusa da shi ya shaƙa. A rufaffen ɗaki mai cunkoso ta fi kama mutane fiye da fili inda iska ke kaɗawa. Mafi yawan waɗanda ta kama suna warkewa, wasu ma kamar mura suke jin ta. Amma tsofaffi da masu ciwon ƙirji da sukari da hawan jini, takan zauna musu a huhu har numfashi ya gagara.

"To sabulu kuma fa? Abin da ya gagari manyan ƙasashe, sabulun wanki ne zai kashe shi?"

Na ce ƙwayar tana da wata 'yar riga ta maiƙo, sabulu kuwa maiƙo yake narkarwa.

"Wannan kam na gane. Ina ganin Inna da kwanon miya."

Rannan sai ya ce, "Ai da sauƙi. Wanda ke ɗauke da ita ana ganinsa yana tari, sai a kauce masa." Na ce a nan ne wahalar take. Mutum yakan yi kwanaki yana yaɗa ta kafin ya ji komai a jikinsa, wani ma har ta fita bai san ta shiga ba. Sai na ji ya ce, "Kazar kasuwa ke nan."

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san wannan. In ka sayo kaza a kasuwa, ba ka sakinta cikin na gida. Sai ka kife ta da kwando a can gefe, kana ba ta ruwa da tsaki, har a yi kwanaki. In ba ta yi laushi ba, sannan ka sake ta. Baffa da kansa ya taɓa yin asarar akurki guda saboda wani jan zakara mai ƙyalli da ya ga lafiyarsa ƙalau, ya ƙi kife shi.

Sai ya ce, "To ni fa, da nake fita daga gidan mai tari in shiga gidan mai jego?"

Na ce, "Shi ne, Baffa."

Ya ce, "Ka ɓata mini yini," ya kashe waya.

Daga ranar dubiyarsa ta canja. Yana zuwa, amma daga bakin ƙofa yake tsayawa, ya dafe ƙirji maimakon miƙa hannu. Na san wannan ya yi masa wuya, domin rabin dubiyarsa a riƙe hannun nan take. Ya je wurin amininsa, wani tela da suka tashi tare tun makarantar allo, ya sa ya ɗinka masa takunkumin fuska da ragowar yadi. Telan ya miƙa masa yana dariya. "Na ɗinka maka riga, na ɗinka maka wando, yau kuma an kai ga hular baki. Ɗan nan naka na rediyo zai mayar da kai likita da tsufanka." Baffa ya ce, "Kai ma ɗinka naka." Telan ya ce shi hancinsa ba ya son maƙwabci.

Da aka sassauta dokar kulle, damina ta yi tsaka, wani abokinsu ya rasu a Zariya. Abin da Baffa ya sani bai hana shi zuwa ta'aziyya ba. Shi da telan suka shiga motar haya. An cika ta maƙil, ana ruwa, an rufe gilasai duka, wani fasinja a bayansu yana tari tun daga tasha har suka sauka. Bayan sun dawo, kafin mako ya zagayo, Baffa ya tashi da zazzaɓi da busasshen tari da ciwon gaɓoɓi. Da yamma Inna ta kawo masa tuwo da miyar kuka, ya kai loma biyu ya ce, "Yau kin manta daddawa." Inna ba ta son a taɓa mata girki. Ta shiga madafa ta ɗauko curin daddawa ta kai masa har hanci. Ya shinshina, ya sake shinshinawa, bai ji komai ba. Ya tuna na taɓa gaya masa cewa ɗaukewar jin ƙamshi tana cikin alamomin cutar. Ya ce mata, "Ja da baya."

Ya kira ni. Na gaya masa gaskiya: gwaji ne kaɗai zai tabbatar, domin zazzaɓin sauro da mura ma suna iya yin kama da haka. Wurin gwajin kuwa yana da nisa, hanyar kuma kowa ya san halin da take ciki a lokacin. Ya ce, "To mu ɗauka ita ce. Faɗa mini abin da ake yi." Na ce ɗakinsa daban, kwanonsa da butarsa daban, taga a buɗe, mai kawo abinci ya rufe hanci da baki kuma kada ya matso, har mako biyu. In kuma numfashi ya fara yi masa wuya, a tafi asibiti ba jira.

A ranar ya koma ɗakin ajiye hatsi da ke bayan gida, ya sa aka kafa zana tsakaninsa da tsakar gida. Inna takan ajiye abinci a kan turmi ta koma baya, shi kuma ya fito ya ɗauka. Da ya ji telan ma ya fara tari, ya aika masa cewa shi ma ya keɓe kansa. Telan ya aiko da amsa cewa mura ce, kuma shi ba a kife shi da kwando.

Labari ya bazu cewa Baffa ba shi da lafiya. Duk waɗanda ya taɓa dubawa suka ga ranar ramawa ta zo. Suka yi ta zuwa, Inna tana tare su a zaure tana ba su haƙuri. A wurinmu mayar da mai dubiya ba ƙaramin abu ba ne. Wasu suka ce ciwon ya taɓa masa kai. Wasu suka ce tsoron mutuwa ne ya kama shi da tsufa.

Sai labarin ya kai Randagi.

Ba na nan ranar. Inna ce ta fara ba ni labari, daga baya na ji daga bakin kowannensu, kuma maganarsu ta zo ɗaya, in ban da wanda ya fara ɗaga murya. Gwaggo ta hau bayan babur da sassafe, ta bi hanyar da ruwa ya cinye, a lokacin da ko matasa sai sun yi shawara kafin su bi ta. Ta iso da ƙwaryar fura da kaza a ɗaure. Inna ta tare ta a zaure tana wasu 'yan kame-kame, Gwaggo ta wuce ta kamar ba ta gan ta ba. Baffa ya jiyo muryarta daga bayan zana.

"Yaya, tsaya nan! Don Allah kada ki ƙaraso."

"Wa ke magana? Auta, ni kake ce wa in tsaya?"

"Ke nake ce wa. Ciwon nan ɗauka ake yi, ta numfashi. Ke kuwa ko hayaƙin murhu ƙirjinki ba ya ɗauka."

"A bayana ka yi ƙyanda. Ka yi tarin shiƙa kana yi mini amai a wuya, ban sauke ka ba. Yau ne numfashinka ya zama dafi?"

"Lokacin kina da ƙarfi, Yaya."

"Cuta ai ta Allah ce. Wanda kwanansa bai ƙare ba, ba abin da zai same shi."

"Ta Allah ce. Amma ba na so ta hannuna ta zo miki."

Ba ta tsaya ba. Ta ɗaga zanar za ta shiga. Shi kuma ya ja da baya cikin ɗakin, ya turo ƙofa, ya sa sakata. Inna ta ce duk tsakar gidan an ji ƙarar sakatar nan, har matan maƙwabta da suka shigo gaishe da baƙuwa. Gwaggo ta tsaya tana kallon ƙofar. Sannan ta ajiye furar da kazar a ƙasa.

"Na ratso daji don in ga fuskarka, ka sa mini sakata. Wallahi tallahi ƙafata ba za ta sake taka gidan nan ba."

Ko ruwa ba ta sha ba. Ta fita ta hau babur ɗin da ya kawo ta. Inna ta ce ta daɗe tana jin motsi a bayan ƙofar, ta kasa gane ko tari yake yi ko kuka.

Bai fito daga ɗakin ba tukuna telan ya rasu. Numfashi ne ya gagare shi, kafin a sami motar kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ta bayan katangar ɗakin hatsin aka wuce da makara, Baffa yana jin takun mutane. Shi da bai taɓa rasa jana'izar ko baƙo ba, bai raka amininsa ba. Ba zan rubuta cewa korona ce ta kashe telan ba, domin ba a gwada shi ba, ban kuma sani ba. Haka shi ma Baffa, har ya koma ga Allah ba wanda ya tabbatar da abin da ya kwantar da shi. Abin da na sani shi ne matar telan ma ta kwanta bayan mijinta, da ƙyar ta tashi, a gidan Baffa kuwa ba wanda ya yi ko tari.

Ya warke a hankali. Jin ƙamshi ya daɗe bai dawo ba. Ya ce abin da ya fara ji shi ne warin akurki, kuma bai taɓa yi wa wari hamdala ba sai ranar.

Da ƙarfinsa ya dawo, Randagi ya fara zuwa. Gwaggo ta karɓe shi, ta yi masa tuwo, ta juya wuyan rigarsa kamar kullum. Da ya gama ci ta ce, "Ka ce ka yi kuskure."

Ya ce, "Na ɓata miki rai, ki yafe mini. Amma kuskure kam ban yi ba. In ta dawo gobe, sai na sake rufewa."

"To zauna da gidanka."

Manya sun shiga tsakani. Wani malami ya tuna mata cewa rantsuwa irin wannan ba ta kai a yanke zumunci a kanta ba, sai ta ciyar da miskinai goma ta warware. Ta ce ta sani, ba shinkafa ce ta gagare ta ba. Ni ma na gwada. Na zauna ina yi mata bayanin yadda cutar ke bin numfashi, ta bar ni har na gama, sannan ta ce, "Kai ne ka zuga shi da rediyonku. An gwada shi? An ga cutar?"

Na ce, "Ba a gwada ba, Gwaggo."

Ta ce, "To."

Da na gaya wa Baffa, sai ya ce, "In mura ce, na yi asarar mako biyu da fushin Yaya. In ita ce fa, da asarar Yaya zan yi gaba ɗaya. Wanne za ka zaɓa mini?"

Da aka kawo allurar rigakafi yana cikin na farko a layi, bayan ya ishe ni da tambayoyi kamar yadda ya saba. Ya riƙa gaya wa tsararsa a majalisa cewa nuna wa jiki kamannin ɓarawo ake yi tun kafin ya zo, don in ya zo a gane shi. Annobar ta lafa, ya koma riƙe hannun marasa lafiya. Amma daga nan in ya shiga ɗakin mai ciwo, taga yake fara buɗewa, in kuma shi ne ke tari, ba ya zuwa, sai dai ya aika da zuma.

Bayan wani lokaci zaman ƙauye ya gagari tsofaffi irin Gwaggo saboda 'yan bindiga, dole ta dawo cikin gari. Baffa ya sa aka yaɓe ɗakin da ke kusa da na Inna, ya sayo sabuwar katifa. Ba ta zo ba. Gidan 'yarta ta sauka, layi biyu tsakaninsu da shi. Kullum bayan sallar asuba yakan je ya gaishe ta, su sha kunu, ta yi masa faɗa kan abin da ta ga dama. In ana suna ko biki a gidansa, sai a kai mata kujera ƙofar maƙwabta ta zauna, a kai mata abinci can. Mutane suna dariya, amma shi abin yana cin sa. Ya taɓa ce mini, "Ɗakin nan da na gyara mata, kunyar wucewa ta gabansa nake ji."

Na ce, "Baffa, ka ce ka yi kuskure mana. Magana ɗaya ce."

Ya dube ni ya ce, "Kai da kake karanta labarai, kana faɗin abin da ka san ba haka yake ba don a ji daɗi? In na ce kuskure ne, gobe wata cutar ta zo, jikokina buɗe ƙofa za su yi."

Haka aka yi shekaru.

Ciwonsa na ƙarshe na zuciya ne. Ƙafafunsa suka kumbura, ya kwanta asibiti, aka sallamo shi da magunguna, likita ya ce mana a yi ta lallaɓawa. Na ɗauki hutu na zo. Ya daina iya fita ko zuwa masallaci, safiya ta yi ta wucewa Gwaggo ba ta jin sallamarsa. Bai aika a kira ta ba. Na ce in je in roƙe ta, ya ce kada in kuskura.

Wata safiya ina zaune a zaure sai na ga 'yar Gwaggo ta wuce da kwanoni a faranti, tana rarraba wa mutanen da suka baro ƙauyukansu suke zaune a bakin kasuwa. Ban kawo komai a raina ba. Da rana ta ɗan ɗaga sai ga Gwaggo da sandarta. Ta tsaya a bakin zaure ta daɗe, ina jin fiton numfashinta. Na tashi zan kama ta, ta ture hannuna. Ta yi bisimilla, ta ɗaga ƙafa ta shiga. Inna na tsakar gida tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta bi ta da kallo.

Baffa yana kwance an tokare masa baya da matasai. Ya buɗe ido ya gan ta a bakin ƙofa.

"Yaya. Rantsuwar fa?"

"Na ciyar. Kai dai ba ka iya komai ba sai tambaya."

"Wannan ba a ɗauka. Ki matso."

"Ko ana ɗauka, yau ina ƙarfin da za ka tashi ka rufe mini ƙofa?"

Ya yi dariya har ta sarƙe shi. Ta zauna a bakin gadon ta kama hannunsa. Sai ya ce, "Har yanzu fa ban ce na yi kuskure ba."

"Na sani. Kada ka ce." Ta gyara masa matashi. "Matar telan nan ta ba ni labarin yadda mijinta ya yi ta neman numfashi. Ni da kullum nake neman nawa, ai na san abin da take faɗa. Da na shiga ɗakin hatsin nan rannan, mai yiwuwa yau ba ni ce zaune a nan ba. Da wa zai riƙe maka hannu, kai da ba ka san uwa ba?"

"Tun yaushe kika san haka?"

"Da daɗewa."

"To me ya hana ki zuwa?"

"Sakatar, Auta. Gaskiyarka daban, ƙarar sakatar nan daban."

Ya rufe ido ya ce, "Wannan kam ki yafe mini."

Ta ce, "Yi barci."

A ranar ta aika aka kwaso mata kayanta zuwa ɗakin da ya gyara. Ita ta yi jinyarsa tare da Inna har ƙarshe, kuma ranar Larabar nan hannunsa yana cikin nata ya cika.

Ya Allah, bawanka ya zagaya bayinka suna kwance bai gajiya ba, rana ɗaya da ya rufe ƙofa kuma don ya tsare rai ya rufe. Ka buɗe masa taka, Ka yalwata masa makwanci, Ka gafarta masa shi da amininsa da iyayenmu da suka riga shi. Ka ba yayarsa haƙuri, ita da ta goya shi yana rarrafe ta kuma rufe masa ido da hannunta. Amin.